Yadda Unguwa Za Ta Nema wa Mai Keke da Mai Tafiya a Ƙasa Haƙƙinsu a Titi

Wanda ya tsaya bakin titi a Kano ko Zariya ko Maraɗi da ƙarfe bakwai na safe zai ga jama'ar da masu zana tituna ba su cika sa su a lissafi ba: 'yan makaranta a ƙasa, magina da leburori a kan keke, mai kayan gwari ya ɗaure kwando a kariya, dattijo yana ta waige-waige yana neman inda zai tsallaka. A yawancin unguwanni su ne suka fi yawa, amma abin da aka bar musu bai wuce bakin kwata ba. Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun yi aikin gwamnati da fatauci da zuwa gona a kan Raleigh da Phoenix kafin babur ya cika gari. Da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun koma kansu. Abin da suka tarar shi ne titin da ya fi na da faɗi da gudu da haɗari.

Wannan jagora na ƙungiyar unguwa ce, ko kwamitin makaranta, ko matasan masallaci, da ke son a gyara wannan. Shawararmu ɗaya ce tun daga farko: kada ku fara da yi wa mutane wa'azin su hau keke. A zamanin Obasanjo, ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har shi da kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi cikin rami. Kiran nasa daidai ne, titin ne bai shirya ba. Uwa ba za ta saki ɗanta a kan keke don ta ji jawabi a rediyo ba. Za ta sake shi ranar da ta ga motoci sun rage gudu a ƙofar makaranta, kuma akwai inda zai ajiye keken ba a sace ba.

Abin da za ku riƙe a hannu game da lafiya

Kafin ku je gaban kowa, ku haddace 'yan alƙaluma kaɗan da ba a jayayya a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kowace rana. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan hau amma mutum na iya magana. Mai keke da ke tafiya a natse yana cin kilomita 15 a awa, wato kilomita 5 cikin minti 20. Idan ya je aiki ya dawo kwana biyar, ya sami minti 200 ba tare da ya ware wani lokaci ko ya biya kuɗin ɗakin motsa jiki ba. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita ɗaya cikin minti 12 zuwa 15. Irin wannan motsi na kullum yana rage haɗarin hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da yanzu da wuya a sami zuri'ar da ba su taɓa ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne haɗarin titi. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29. Gudu ne tushen abin. Direban da ke tafiya a kilomita 30 a awa, daga lokacin da ya hango yaro zuwa tsayawarsa cak zai ci kamar mita 13. A kilomita 50 zai ci kamar mita 28, a 60 kuma kusan 37. Idan akwai yashi a kan kwalta, kamar yadda yake a mafi yawan titunanmu, nisan ya fi haka. Shi ya sa taron ministoci na Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane. Wannan lamba, 30, ita ce za ku riƙa maimaitawa.

Mataki na farko: titi ɗaya, mutum bakwai

Ku zaɓi yanki guda wanda bai wuce mita 500 zuwa kilomita ɗaya ba. Mafi dacewa shi ne gaban makarantar firamare ko sakandaren je-ka-ka-dawo, domin babu wanda zai fito fili ya ce bai yarda a kare yara ba. Ƙungiyoyi da yawa suna mutuwa ne saboda sun fara da neman hanyar keke a duk faɗin birni, shekara ta zagayo ba su ga ko bulo ɗaya ba, kowa ya kama gabansa.

Mutum bakwai zuwa goma sun isa, amma a duba su wane ne. A sami shugaban makaranta ko wakilin kwamitin iyaye da malamai, da mace aƙalla biyu daga iyayen yara, da ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi na unguwa, da mai gyaran keke, da wakilin 'yan Adaidaita Sahu na tashar da ke kusa, da ɗaya daga masu kasa kaya a bakin titin. Mutum biyun ƙarshe su ne aka fi mantawa da su, kuma su ne za su iya rusa aikin cikin mako guda idan suka ji an shirya shi ne don a kore su. Mai gyaran keke kuwa ya fi kowa sanin masu hawa a unguwar, da inda ake yawan bige su, da abin da ya sa wasu suka daina.

Kafin a yi komai a titi, a je wa mai unguwa, shi kuma ya kai ku wajen dagaci ko hakimi idan abin ya kai can. Ba sai an yi dogon jawabi ba: "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan yaran da ke tsallaka titin gaban makaranta. Muna so mu ƙirga su, mu auna gudun motoci, mu kawo maka abin da muka gani." A sanar da liman ma. Koyarwar da ke cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, da umarnin a ba hanya haƙƙinta, sanannu ne ga kowa, kuma huɗuba ɗaya a kansu tana isa inda takarda ɗari ba ta isa ba.

Mataki na biyu: ƙidaya da awo

A nan ne ya kamata ku fi ɓata lokaci, domin jami'in gwamnati yana iya kawar da koke, amma lamba tana ba shi wahalar kawarwa.

Ku ɗauki kwana uku na tsakiyar mako, ban da Juma'a da ranar kasuwa da lokacin hutu. Ku tsaya daga 6:45 zuwa 8:15 na safe, da lokacin tashi daga makaranta, da kuma wajen la'asar idan akwai Islamiyya a kusa. Mutum ɗaya ya ƙirga abu ɗaya ko biyu kawai: wannan masu tsallakawa, yara daban manya daban, wancan masu keke, wani babur da Adaidaita, wani motoci da manyan motoci. A raba takarda gida-gida na minti 15, a riƙa jan kara huɗu ana gicciya na biyar. Wanda aka ba abu huɗu ya ƙirga a lokaci guda zai rikice, kuma lissafinsa ba zai amfana ba.

Auna gudu ba ya bukatar na'ura. A auna mita 50 daidai da tef ɗin magina, a sa alama a farko da ƙarshe da farar ƙasa ko dutse. Mutum ɗaya ya tsaya a farko ya sauke hannu idan gaban mota ya taka alamar, na biyu a ƙarshe ya danna agogon waya, ya tsayar idan ta iso. A raba 180 da daƙiƙun da aka samu, abin da ya fito shi ne gudun a kilomita cikin awa. Daƙiƙa 6 na nufin 30, daƙiƙa 4 na nufin 45, daƙiƙa 3 na nufin 60. Ku auna ababen hawa 100, kuma waɗanda gabansu ke buɗe kawai, ban da mai bin bayan wani a cunkoso. Kada ku sa riga mai ƙyalli ko ku tsaya a fili da takarda a hannu, direbobi za su zaci jami'ai ne su rage gudu, awon ya lalace. A ƙarshe ku fitar da jimla ɗaya da kowa zai gane: cikin motoci 100, guda nawa ne suka wuce kilomita 30.

Sai a zaga yankin a ƙasa tare da iyaye mata da wasu daga cikin yaran, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zana taswira a babbar takarda, a sa alama inda kwata take a buɗe, inda shara ta cinye gefen titi, inda ake ajiye motoci har yaro ba ya hango abin da ke zuwa, inda ruwa ke kwanciya da damina, da inda babu fitila. A ɗauki hoto daga tsayin idon yaro, wato a durƙusa, amma kada a ɗauki fuskar yaran mutane ba da izinin iyayensu ba. Haɗarurrukan da suka faru a wurin cikin shekara biyu a rubuta su da wata da wuri da irin abin hawan, ba tare da suna ba. Yawancinsu ba su taɓa shiga littafin 'yan sanda ba saboda an sasanta a wurin, don haka shugaban makaranta da masu shaguna da mai kemis su ne za su tuna.

Mataki na uku: a san mai titin

Takardu da yawa suna ɓata saboda an kai su ofishin da ba shi da iko. A Najeriya titi iri uku ne. Manyan hanyoyin da ke haɗa jihohi, ko da sun ratsa tsakiyar gari, na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, wato FERMA, ke gyaransu, kuma a kowace jiha akwai kwanturolan ayyuka na tarayya. Yawancin titunan cikin birni na ma'aikatar ayyuka ta jiha ne. Ƙananan hanyoyin cikin unguwa na ƙaramar hukuma ne, a hannun sashen ayyukanta. Masu kula da zirga-zirga, irin su KAROTA a Kano da takwararta ta Kaduna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ba su ke gina titi ba, amma goyon bayansu a rubuce yana da nauyi, kuma su za su tsaya a wurin ranar da za a gwada gyaran da kuke nema. A Nijar, ofishin magajin gari ne ƙofar farko. Idan ba ku tabbata ba, injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma zai gaya muku cikin minti biyar.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, a liƙa mata taswira da hotuna huɗu da sakamakon ƙidaya. Ta faɗi wurin, da adadin yaran da ke tsallakawa a awa, da gudun da aka auna, sannan abin da ake nema da adadinsa, misali tudun rage gudu uku, da matsallaka ɗaya mai tudu, da rufe kwata mita 200. "Muna roƙon gwamnati ta duba mana" ba buƙata ba ce da za a iya sa mata kuɗi. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ku dawo da shi. A ba kansila da ɗan majalisar jiha kwafi. Bayan mako biyu a koma, kuma mutum ɗaya ya riƙa komawa don a saba da fuskarsa. Lokaci ma yana da muhimmanci: gwamnoni kan gabatar da kasafin kuɗi a watannin ƙarshen shekara, ma'aikatu kuma suna haɗa nasu tun kafin nan, saboda haka takardar da ta isa a Yuni ko Yuli ta fi wadda ta isa a Disamba sa'a.

Mataki na huɗu: abin da za a nema, da awonsa

Tudun rage gudu shi ne abu mafi araha da ya fi aiki, kuma shi ne aka fi lalatawa. Idan mota ta bige yaro, matasa kan fito cikin fushi su jera kututture ko su zuba kankare mai tsini. Ana fahimtar zafin zuciyar, amma irin wannan tudu yana kayar da masu babur da dare, yana fasa ƙasan mota, yana wahalar da mai naƙuda a hanyar asibiti, kuma hukuma na zuwa ta fasa shi. Tudun kirki tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10 ne, faɗinsa ta inda mota ke hawa ta sauka kuma kamar mita 3.7, mai lanƙwasa a hankali kamar bayan kunkuru. Mota a kilomita 25 zuwa 30 za ta haye shi lafiya, mai gudu ne kawai zai ji a jikinsa. Guda ɗaya ba ya isa, domin direba zai taka mai da zarar ya wuce. A jera su tsakanin mita 60 zuwa 100, a shafa musu fenti fari ko rawaya, a kafa allon gargaɗi kafin na farko. A bar 'yar hanyar ruwa a gefe wadda ba ta wuce santimita 30 ba. Idan ta fi haka faɗi, duk babura nan za su bi, wato daidai inda yara ke tafiya.

A ƙofar makaranta a nemi matsallaka mai tudu: tsayi santimita 10, samanta a shimfiɗe mita 3 ko fiye, da zanen fari. Zane kaɗai a kan kwalta direbobinmu ba sa tsaya masa, kuma ƙura da zafin rana na cinye shi cikin 'yan watanni. A hana ajiye mota mita 10 kafin matsallakar ta kowane ɓangare. Irin wannan haɗin, wato tudu da matsallaka da hanyar ƙafa da sauya wa makaranta ƙofa zuwa lungu mai sauƙin zirga-zirga, shi ne ƙungiyar Amend ta yi a makarantun Dar es Salaam a Tanzaniya, aikin da ya sami lambar yabo ta duniya a 2019. Sauya ƙofa sau da yawa ba ya cin komai sai buhun siminti kaɗan da yardar shugaban makaranta.

Hanyar ƙafa tana son fili mita 1.8 zuwa 2 wanda babu komai a kai, ta ɗaga sama da kwalta da santimita 15. A titunanmu da yawa filin yana nan, kwata ce a buɗe ta cinye shi. Idan aka rufe ta da fale-falen kankare masu ƙarfe a ciki, an sami hanyar ƙafa ba tare da an taɓa titi ko shagon kowa ba. A tabbata ana iya ɗaga wasu daga cikinsu don yashe kwata kafin damina, kuma kada a bar tsaga mai bin tsawon hanya wadda tayar keke za ta faɗa. Game da masu kasa kaya, kada ku nemi a kore su. Kasancewarsu a wurin na sa titi ya zama da mutane, mata da yara su ji daɗin bi. A ja layi da fenti tare da shugabanninsu, kaya a bayan layi, hanya a gabansa, su da kansu su riƙa tsawatar wa wanda ya ƙetare.

Hanyar keke ta musamman sai a babban titi mai gudu da manyan motoci ake bukatarta. A cikin unguwa, idan gudu ya sauka zuwa 30, keke da mota na iya tafiya tare. Inda za a yi ta, faɗinta mita 2 ne ga hannu ɗaya, kada ya gaza 1.5, kuma dole a raba ta da titi da dakalin kankare. Layin fenti kawai zai zama tashar Adaidaita a rana ta biyu. Sai kuma shara: iska da tayoyin mota suna tura yashi da fasassun kwalabe gefen titi, idan ba a sa hanyar cikin aikin masu shara ba, masu keke za su gudu su koma tsakiyar motoci. Wanda ke ganin abin na Turawa ne ya dubi Tamale a arewacin Gana, inda manyan tituna ke da hanyar masu keke a gefe, ko Wagadugu, inda maza da mata ke hawa ba tare da kowa ya ɗauke shi abin kunya ba.

Inuwa ma tana cikin kayan titi a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu. A dasa darbejiya ko wata bishiya mai jure fari tsakanin mita 8 zuwa 10, a farkon damina, a kewaye kowace da bulo ko kwandon ƙarfe saboda awaki, a damƙa ta ga mai shago ko gidan da ke kusa ya shayar da ita rani biyu na farko. Dashen da ba a ba kowa amanarsa ba, kafin Maris ya bushe.

Mataki na biyar: wurin ajiya, wanda ba sai kun jira gwamnati ba

Tsoron sata na hana hawa kusan kamar tsoron mota. Wannan kuwa kuna iya magance shi da kuɗin karo-karo da mai walda na unguwa. A sayi bututun ƙarfe mai inci 2, a lanƙwasa shi kamar ƙofar baka: ƙafa biyu da gicciye a sama. Tsayinsa daga ƙasa santimita 75, faɗinsa 75, kowace ƙafa ta nutse santimita 30 cikin kankare, a walda mata ɗan guntun rodi a gindi don kada a tuge ta. Bututu mai mita 6 yana ba da guda biyu, kowane guda na ɗaukar keke biyu, don haka bututu goma sun ishi keke 40. A bar mita ɗaya tsakaninsu, da santimita 60 daga bango. Filin da mota ɗaya ke ci yana ɗaukar keke takwas zuwa goma, wannan hujja ce mai kyau a gaban shugabannin kasuwa ko asibiti. A guji irin maratayar da ke riƙe tayar gaba kawai, tana lanƙwasa taya, kuma ɓarawo na kwance tayar ya tafi da sauran. A koya wa yara su sarƙafe jikin keken da ƙarfen. Wurin ya kasance inda maigadi ke gani, kuma a inuwa, domin rana na sa faci ya saki. A kasuwa ko tasha, a sa mutum ɗaya da katin lamba biyu-biyu, ɗaya a keke ɗaya a hannun mai shi.

Mataki na shida: ayarin makaranta

Idan gudu ya sauka kuma wurin ajiya ya samu, sai a fara kiran mutane. Hanya mafi sauƙi ita ce ayari: yaran layi ɗaya su taru a wuri sananne a lokaci sananne su tafi tare, babba ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma kada babba ɗaya ya riƙe fiye da yara takwas. 'Yan ƙasa da shekara 10 su tafi a ƙasa, domin ba su gama iya kintatar gudun mota ba. Yaran da suka kai shekara 10 su hau keke a jere ɗaya bayan ɗaya, a hannun dama tare da motoci. Bin hannun da ba naka ba don "in riƙa ganin mota" kuskure ne da ke kashewa, saboda direban da ke fitowa daga lungu ba ya duban wannan ɓangaren.

Kafin a fita titi a yi Asabar biyu ana horo a filin makaranta: tashi da tsayawa, kama birki biyu tare, waiwaye ba tare da keke ya karkace ba, nuna hannu kafin kwana. A nanata musu abu ɗaya har ya zauna: kada a taɓa shiga tsakanin tifa ko tirela da bakin titi, musamman kusa da kwana, direban ba ya ganin wanda ke wurin. Mai gyaran keke ya duba kowane keke: iska, birki, sarƙa, da sirdi, wanda tsayinsa daidai shi ne idan an ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafa ta miƙe. A sa ƙararrawa, da abin ƙyalli ja a baya fari a gaba, da fitila ga mai fita asuba ko dawowa bayan magariba, da hular kwano ga wanda ya samu. Sarƙa a goge ta da tsumma a ɗiga mata mai kaɗan mai tsabta. Baƙin man inji da ake yawan shafawa yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar dutsen wasa, ya cinye sarƙa da haƙoranta. A hanyoyin da tsidau ya yi yawa, a yanka tsohon tib a shimfiɗa shi cikin taya, yana rage faci sosai.

'Yan mata na bukatar a yi tunaninsu tun daga farko. Keke marar sandar tsakiya, da murfin sarƙa, da raga a gefen tayar baya, su ne ke hana hijabi ko doguwar riga shiga taya, kuma hakan na amfanar mai babbar riga ma. A sa malama ko wata uwa ta jagoranci ayarinsu, a yi horonsu a cikin harabar makaranta. Inda iyaye ba su amince da keke ba, kada a ja da su, ayarin ƙafa ma ya wadatar. Iyaye mata da suka raka ayari suka dawo sun sami minti 30 ɗinsu na ranar. Mai hawan jini ko suga ko ciwon zuciya ya fara da minti 10 yana ƙarawa a hankali, ya shawarci likita, kuma ya tsaya nan take idan ya ji ciwon ƙirji ko jiri. Da bazara da lokacin azumi a mayar da doguwar tafiya sassafe ko bayan shan ruwa.

Mataki na bakwai: ranar da titi zai huta

Gani ya kori ji. Birnin Bogota na Kolombiya ya fara rufe tituna ga motoci tun 1974, yanzu duk Lahadi daga 7 na safe zuwa 2 na rana ana bar wa masu keke da masu ƙafa fiye da kilomita 100. Kigali ta fara nata a 2016, tana haɗawa da gwajin lafiya kyauta, Adis Ababa ta bi sahu a ƙarshen 2018. Ku ku fara da kilomita ɗaya, awa uku, daga 6:30 zuwa 9:30 na safiyar Asabar ko Lahadi. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, dalili ne mai kyau na neman izini. A rubuta wa DPO, wato shugaban 'yan sandan yankin, da hukumar kula da zirga-zirga mako huɗu kafin ranar, a nuna hanyar da motoci za su zaga, a bar ƙofa ga marar lafiya da motar kashe gobara, a bi gida-gida da shago-shago a sanar, a tambaya ko akwai ɗaurin aure a layin. Ma'aikatan lafiya su kafa tebur na awon jini, mai gyaran keke ya yi faci kyauta, a kawo ruwan sha. A ranar ne za a gwada matsallakar da ake nema da buhunan yashi da farar ƙasa, a gayyaci injiniyan ya gani da idonsa. A roƙi likita da shugaban makaranta da hakimi, idan zai iya, su zo a kan keke, domin abin da ke sa matashi ya ƙi keke sau da yawa shi ne kada a ce ya talauce. 'Yan siyasa a gayyace su duka, amma ban da fosta da hular jam'iyya, in ba haka ba aikin zai faɗi tare da wanda ya faɗi zaɓe.

Bayan an yi gyara da wata uku, a sake ƙidaya da awon gudu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da hanya ɗaya, sannan a maimaita bayan shekara. A kai sakamakon ofishin da ya yi aikin tare da takardar godiya, a karanta shi a shirin rediyo na kiran waya, sannan a nemi titi na gaba. A sa mutum ɗaya ya riƙa lura da allunan kwangila: idan aka zo sabunta kwalta, 'yan kwangila kan kankare tudu da matsallaka su tafi ba su mayar ba, sai an tuna musu a rubuce tun injinansu na wurin. Idan kuma sabon titi za a yi, a nemi ganin zanensa kafin a fara haƙa, domin ƙara hanyar ƙafa da ta keke a takarda gyaran layi ne kawai, bayan an zuba kwata da kwalta kuwa sai an fasa an sake.